Waliyiyar Bakin Ƙofa: Ta'aziyyar Maestro Feliciano

Ranar Talata, sha uku ga Nuwamba na shekara ta 1487, ana tsakiyar tsinkar zaitun, Allah Ya karɓi ran Maestro Feliciano di Nardo, mai zanen garinmu. Da hantsi ya cika, a ɗakin da ke saman shagonsa, matarsa Monna Orsolina tana tallabe da kansa. Ciwon ƙirjin da ya kama shi tun farkon kaka shi ne ajalinsa. Washegari muka sa shi a ƙasa a gefen babban coci. Ya haura shekara saba'in, bai bar ɗa ba, amma da wuya ka shiga wani gida a garin nan ba ka tarar da aikin hannunsa rataye a bango ba.

Ni ne Pandolfo, mai shagon magani da launi a bakin dandali. Fiye da rabin rayuwata ƙofata tana kallon ƙofarka, Feliciano, kuma tun ranar Laraba nake kau da kai in na fito buɗe shago. Ban iya kuka a gaban jama'a ba, shi ya sa na zauna nake rubutu. Akwai kuma maganar da ka tafi ba ka ji ƙarshenta ba. Ka bar duniya 'yata Violante, wadda ka riƙe a hannunka ranar baftismarta, tana fushi da kai, ga ta da tsohon ciki, ta daina addu'a, ta daina cin abin kirki. Na san da wannan nauyin ka kwanta. Zan gaya maka yadda aka ƙare, amma sai ka yi haƙuri tukuna, don kai ma ba ka taɓa gama aiki a ranar da ka yi alkawari ba.

Wanda ya gan ka daga nesa zai ce mutum ne mai sauƙin kai. Mu da muka zauna da kai mun san taurin kanka ya fi na jakin mai niƙa, musamman in an zo kan alamun waliyyai. Ina shagonka ranar da wani attajirin ulu ya zo karɓar hoton Waliyi Antonio da ya sa ka zana masa. Ya duba, ya yamutsa fuska.

"Maestro, a cire min aladen nan. A ɗakin cin abinci zan rataye shi, ga surukaina suna zuwa daga Perugia."

Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, "In na cire aladen wa ya rage? Wani tsoho mai gemu da sanda. Irinsa sun cika bakin coci suna gyangyaɗi."

"Sai ka rubuta sunansa a ƙasa mana."

"Wa zai karanta? Matarka ko makiyayinka? Ranar da ciwo ya faɗa wa dabbobinka, aladen nan za su nema, ba baƙaƙe ba."

Ya tafi yana ƙunƙuni, da aladensa a hammata. Gaskiya kuwa ka faɗa. A garin nan masu karatu ba su cika benci ɗaya ba, amma babu tsohuwar da za ta ɓata a coci. Mai ciwon ido ta san ta nufi budurwar da ke riƙe da idanu biyu a faranti, Lucia ke nan. Mai ciwon haƙori ya san mai awartaki, Apollonia. Ko yaro ya ga reshen dabino a hannun wani ya san kashe shi aka yi saboda bangaskiyarsa. Ka sha gaya min cewa mai zane ba shi da ikon ƙara ko ganye ɗaya a kan abin da ya gada, domin ba don idonsa ake yin hoton ba, don mai buƙata ake yi.

Ba na cewa ba ka da rauni a sana'arka. Zakin da ka zana a ƙafar Waliyi Girolamo, kowa ya san kyanwar shagona ce aka sa wa gashin wuya. Da na yi maka dariya sai ka ce in na taɓa ganin zaki in kawo maka shi ka gyara. Ba ka bar ni haka ba kuma. Shekarar da ta biyo baya aka buɗe hoton Apollonia, sai ga azzalumin da ke cire mata haƙori ɗauke da hancina, ba ragi ba ƙari. Har gobe yara in sun shigo sayen magani sai su rufe baki da hannu. Na yi wata guda ba na gaishe ka, kai kuwa kullum da safe sai ka leƙo ka tambayi lafiyar hancin.

Shekarar annoba ce ta nuna min ko wane ne kai. Masu hali sun gudu gonakinsu na kan tudu, kai ka kafa tsani a bangon gari kana zana Waliyi Rocco, da mikinsa a cinya da karensa mai burodi a baki, don masu wucewa da gawa su sami wanda za su ɗaga ido su kalla. A cikin shekarar matata ta rasu. Maƙwabta suka toshe ƙofofinsu, ban ga laifinsu ba. Kai ka sauko daga tsani da launi a hannunka, ka kama makara ta gaba, ni ta baya. Violante tana ƙarama a lokacin, Orsolina ta ɗauke ta ta kai gidanku, kuma a gaskiya tun daga ranar ba ta dawo gidana gaba ɗaya ba. Baba take ce min, Baba take ce maka, in ta kira sai mu amsa tare. A kafaɗarka ta zaga cocin garin nan, kana nuna mata mabuɗan Waliyi Pietro da kiban Waliyi Sebastiano, tana faɗin sunayen kana ba ta ɓaure.

Wuri ɗaya ne ba ka taɓa tsayawa da ita ba, sai yanzu na lura. A ɗan ɗakin addu'ar da ke bakin ƙofar gari akwai tsohon allon hoto wanda ya girme mu duka, hayaƙin kyandir ya dusashe shi. Mace ce a tsaye, dodo a ƙafarta ɗaure da ɗamara a wuya, da 'yar tasar ruwa a hannunta. Tun kakanninmu mata sun san ta da Waliyiya Margarita, wadda dodo ya haɗiye ta, ta fasa cikinsa ta fito lafiya, shi ya sa take tsaya wa masu naƙuda. Suna cewa tasar ta wankan jariri ce. Duk mai ciki takan kai kyandir, ta rataye ɗamararta a gefen allon, ranar haihuwa ungozoma ta ɗauko ta ɗaura mata. Haka uwar Violante ta yi. Haka Violante ta yi a cikinta na fari, yaron ya zo ya koma a ranar. Haka ta sake yi a na biyu, yarinyar ko kuka ba ta yi ba, da ƙyar ungozoma ta samu ta yi mata baftisma. Da ciki na uku ya shiga, kusan kullum tana durƙushe a wurin.

Cikin watan jiya wani matashin mai wa'azi ya sauka a garinmu. Ba mugu ba ne, ilimi ne ya yi masa yawa shekaru suka yi masa kaɗan. Ya shiga ɗakin ya tarar da mata cike, ya ɗaga kyandir ya duba allon, sai ya ce musu wannan ai ba Margarita ba ce. Margarita da ɗan gicciye ake zana ta, tana fitowa daga cikin dodo. Wadda ta yayyafa wa dodo ruwan albarka ta ɗaure shi da ɗamararta Marta ce, 'yar'uwar Li'azaru, waliyiyar masu girki da hidimar gida. Ya faɗi haka ya kama hanyarsa zuwa gari na gaba. Violante tana cikin waɗanda suka ji.

Ba ta zo wurina ba, wurinka ta nufa, ni kuwa na hango ta na tsallaka titi. Kana zaune kana niƙa shuɗi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dafe da ƙugu.

"Baba, ka sani?"

Ka ajiye dutsen niƙan. Da ka so da ka ce hayaƙi ya rufe allon, da ta yarda. Ka ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara shigowa ta ƙofar garin nan ina saurayi."

"Kai da ka hana a cire wa Antonio aladensa? Kana kallona ina jan ciki ina kiran wadda ba aikinta ba ne, har na binne biyu, ba ka ce min komai ba?"

"'Yata, ina ganin mata suna shiga ɗakin addu'ar nan cike da tsoro, su fito da ƙarfin zuciya. Sai na ce wane ni in taɓa wannan."

"Ni ma na fito da ƙarfin zuciya, Baba. Sau biyu."

Ta juya ta tafi, ba ta sake taka titinmu ba. Ni mai magani ne, na san jarirai suna mutuwa a gidan da ya kira waliyin da ya dace da gidan da bai kira kowa ba. Na gaya mata haka, mijinta Nallo ya gaya mata, limamin cocinmu ma ya je har gida. Duk a banza. Ta sa a ranta cewa shekara da shekaru tana magana babu mai saurare, kuma yanzu lokaci ya ƙure, Margarita ba ta san ta ba. Ta kwanta ta juya fuska ga bango. Ungozoma, Monna Palmiera, ta ja ni gefe ta ce, "Pandolfo, mace in ta shiga naƙuda da ranta a mace, ni ba ni da dabarar da zan yi mata." Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun shekarar annoba.

A kanka na sauke. Na shiga shagonka na faɗa maka maganganun da ba zan rubuta su nan ba. Ka bar ni har na gaji, sannan ka yi tari mai tsawo, ka ce, "Da da buroshi na yi ƙaryar, da na kankare ta. Da shiru na yi ta, ban san da me ake kankare wannan ba." Daga nan ka ce in aiko maka da ja mai kyau da zinariya kaɗan, kada kuma in tambaye ka na mene ne.

Sauran kwanakinka a kan wannan aikin suka ƙare. Ka sa aka yanko maka faranti na katako, irin babban nan da ake zana wa mai jego a riƙa kai mata abinci a kai. Da tsayuwa ta gagara ka koma zaune, da zama ya gagara aka jingina ka da matasai, Orsolina tana fasa ƙwai tana dama maka launi da ƙwaiduwa. In na hawo da maganin tari sai ka sa a rufe farantin da ƙyalle. Ka aika wa Violante ta zo, ta ƙi. Ka sake aikawa, ta ce a gaya maka ba ta da lafiya. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai duk sanda aka taɓa ƙofar ƙasa kakan dakata da buroshi har ka ji muryar mai shigowa.

Da ka cika, muka yi shawara da Nallo da ungozoma kada a gaya mata sai ta sauka. Ranar Laraba ta ji ƙararrawar jana'iza ta tambayi ko wa ya rasu, Nallo ya ce wani tsoho ne daga gonakin tudu.

Ranar Juma'a da safe naƙuda ta tashi. Ina tsakar gida da Nallo, muna zagaye rijiya kamar awakin da aka ɗaure. Rana ta take, babu labari. Monna Palmiera ta leƙo, gumi har wuya, ta ce yarinya ta ƙi a ɗaura mata ɗamarar, ta ce ɗamarar wa, kuma ta daina nishi, ta saki jiki kawai. Ana cikin haka sai ga Orsolina ta shigo cikin baƙin mayafin takaba, rungume da farantinka. Ta ce ka bar mata wasiyya kada a jira sai an haihu, a kai shi tun ana naƙuda. Ta yaye ƙyallen don in gani.

Feliciano, na daɗe ina ganin aikinka, na yi wa rabinsa dariya, amma wannan kam ban yi masa dariya ba. Mata biyu ka zana suna fuskantar juna. Ga Marta a hagu da tasarta rataye a hannu, dodonta kwance a ƙafarta ya yi laƙwas. Ta tattaro bakin zanenta da hannu biyu, cike da guntayen kyandir, dogo da gajere, kowanne da wutarsa, tana miƙawa. Ga Margarita a dama da ɗan gicciyenta, ƙafarta ɗaya ba ta gama fita daga cikin dodo ba, ta miƙo hannu tana karɓa. A lanƙwasar ɗaya hannun nata kuma, 'yan tsuntsaye biyu ne a lafe, irin masu jar fuskar nan da kakan sa a hannun jariri Almasihu. Gefen ƙasa ba ka kai ga liƙa masa zinariya ba, jan shafen farko ne a fili. Kai da ka shekara hamsin ba ka ƙara ganye ɗaya a kan abin da ka gada ba, ka cika wa Marta zane da abin da babu mai zanen da ya taɓa ba ta.

Abin da Orsolina ta yi bayan haka, ina so a san shi a garin nan. Kwananta uku da rasa miji. Ta tsaya a gindin matakala ta cire baƙin mayafinta ta miƙa min, ta ari jan gyalen maƙwabciya ta yafa, ta wanke idonta a bakin rijiya, ta hau. Sauran labarin daga bakin ungozoma na ji shi.

Ta ce da farko Violante ta ƙi juyowa. Orsolina ba ta roƙe ta ba, ta jingina farantin a bangon da take kallo. Can sai yarinyar ta ce, da muryar da ba ta fita sosai, "Inna, ba a zana Marta da kyandir."

Orsolina ta ce, "Haka na ce wa tsohon. Ya ce ai ba a taɓa tara mata wannan yawa ba sai a garinmu. Ya ce kuma macen da ta iya riƙe gida, in aka kawo saƙon maƙwabciya ƙofarta, ba ta zama a kansa."

Violante ta daɗe tana kallo. Sai ta kai yatsa kusa da tsuntsayen, ba ta taɓa ba.

"Waɗannan 'ya'yana ne?"

"Ya ce ke za ki gane su."

Monna Palmiera ta ce kukan da yarinyar ta fashe da shi ne ya buɗe hanya. Violante ta ce a miƙo ɗamarar, ta kama igiyar gado, ta yi nishin da ya kamata. Rana ta karkata muka ji kukan jariri daga tsakar gida, kuka mai ƙarfi na mai neman faɗa. Namiji ne. Nallo ya zauna a ƙasa daɓas, ni kuma na tsinci kaina ina share fuska da mayafin takabar matarka.

Ba a yi nisa ba Violante ta fara tambayarka. A kira Baba Feliciano. In ba zai iya tafiya ba a ɗauko shi a kujera. Orsolina ta ce ta huta tukuna, ta sauko ta karɓi mayafinta, sai da ta kai titi ta yi kukanta. Jiya da safe da aka zo maganar baftisma, Violante ta ce babu mai riƙe yaron nan sai wanda ya riƙe ta, ko da a kwance ne a kai masa shi gado. Daga nan ɓoyo ya ƙare. Na sallami kowa daga ɗakin, na zauna a bakin gadonta, na gaya mata.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Ƙararrawar ran Laraba?"

Na ce, "Ita ce."

"Ya tafi ya san ina fushi da shi?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce, "Ya sani."

Ta rufe fuska ta yi kuka har yaron ya farka ya taya ta. Na bar su. Da ta lafa ta sa shi a nono, ta zuba wa farantin ido, sannan ta ce, "Baba, a shagonka akwai kyandir na kakin zuma? Ba na kitsen nan da kake cusa wa mutane ba."

Na ce akwai.

"Ka ɗauki babba ka kai bakin ƙofar gari."

"'Yata, ai babu Margarita a can."

"Na sani. Marta za ka kai wa. Ka ce mata ta gaya wa Baba Feliciano na ga aikin, yaro yana nan da ransa, kuma ni ce ke neman gafara. Ta saba kai saƙo, ta san hanya."

Da hannuna na kai, Feliciano. Na zaɓi wanda ya fi kowanne tsawo, na durƙusa a tsakanin mata da wannan gwiwar tawa da ka sani, na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban rage kalma ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Monna Orsolina, Allah Ya ba ta haƙuri, Ya saka mata da abin da ta yi a gindin matakalar nan. Ina yi wa 'ya'yan 'yar'uwarka da ke Foligno, da waɗanda suka koyi sana'a a hannunka, da matan garin nan, da Violante wadda ta rasa uba tana da uba. Kai kuma abokina, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka abin da ka faɗa da abin da ka yi shiru a kansa. Ya ba ka hutawa ta har abada, haske marar yankewa ya haskaka maka. Waliyyan da ka yi wa hidima da hannunka su tare ka a hanya, su tsaya maka a gaban Ubangiji. Allah Ya raya yaron da ba ka gani ba, Ya sa saƙon uwarsa ya same ka. Amin.